Kwamfutar Ruwa: Abin da Ke Daɗewa da Abin da Zamani Ke Wucewa

Mutum ya daɗe yana tara kuɗi. Ranar da suka cika sai ya zauna ya jera abin da zai saya: furosesa mafi ƙarfi da ke kasuwa, katin hoto na ƙololuwa, lagireto biyu ko uku, famfo da tankinsa, da bututun nan masu sheƙi da ake gasawa a lanƙwasa da hannu har su zauna cif. Kafin ya biya, tambaya ɗaya ke yi masa yawo a rai: in na zuba wannan dukiya yau, shekara nawa zan yi ban sake waiwayar kasuwa ba? Masu sayarwa ba sa rasa amsa. Za su ce ai wannan saye ɗaya ne, an gama.

Ni dai ban yarda da wannan "an gama" ɗin ba, domin kwamfutar ruwa, wato wadda ake sanyaya kayan cikinta da ruwa maimakon iska, abu biyu ce aka zuba a akwati guda. Akwai ɓangaren aikin famfo: lagireto, tiyo, mahaɗai, tanki, fankoki. Wannan tsufansa irin na kayan gini ne, a hankali yake, kuma babu ruwansa da abin da kamfanoni za su fitar baɗi. Sannan akwai ɓangaren lantarki: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), katin hoto (mai zana abin da ake gani a allo), madabod (babban allon da komai ke hawa kansa), RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi). Shi kuwa tsufansa irin na wayar hannu ne, yana nan garau yana aiki amma an riga an wuce shi. Wanda ke son sanin ko kuɗinsa za su yi masa rana sai ya auna kowanne da nasa ma'aunin, sannan ya duba inda suka haɗu, don a nan asarar take ɓuya.

Aikin ruwa da iyakarsa

Ruwa ɗan dako ne. Ba ya kashe zafi, ɗauka yake yi ya kai wani wuri. Giram ɗaya na ruwa sai ya sha jul 4.18 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, iska kuwa kusan jul 1 ya ishe ta. In aka cika mazubi biyu masu girma ɗaya, na ruwan zai riƙe zafi fiye da na iskar sau 3,000 da ɗoriya. Shi ya sa yake iya kwasar zafi daga ɗan wurin da bai fi faɗin yatsa biyu ba, ya shimfiɗa shi a faffaɗan lagireto, fankoki masu juyawa a hankali su busa shi waje. Wajen nan kuwa ɗakinka ne. Kwamfutar da ke cin wat 800, wat 800 na zafi take zubawa a ɗaki ko da ruwa ko da iska, kuma ruwan ba zai taɓa yin sanyin da ya fi na iskar ɗakin ba.

Ribarsa a wuri biyu take, kuma ta gaske ce. Ta farko ita ce sanyi. Babban katin hoto da fankokinsa na asali kan zauna wajen digiri 65 zuwa 75 in aiki ya kankama. In aka ɗora masa farantin ruwa mai kyau, wato ƙarfen da ake manna masa ruwan ya riƙa bi ta cikinsa yana kwashe zafi, galibi sai ya sauko wajen 45 zuwa 55. Ta biyu ita ce shiru. Wanda ya taɓa zama kusa da kwamfutar da ke aiki gadan-gadan amma bai ji komai ba sai ɗan kurin famfo, ya san abin da ake saye.

Abin da ruwa ya daina bayarwa shi ne ƙarin gudu na a-zo-a-gani. A da yana bayarwa. Core i5-2500K ta 2011 an sayar da ita a kan 3.3 GHz, mutane da dama suka tura ta zuwa 4.5 saboda kawai sun samu abin sanyaya mai kyau. Wancan zamanin ya wuce. Yanzu kamfanoni tun daga masana'anta suke tatse abin da ke ciki: furosesa da kati da kansu suke ƙara gudu har su kai iyakar wuta ko ta zafi. Jerin Ryzen 7000 ma da gangan aka ƙera su su haura zuwa digiri 95 in aiki ya yi nauyi. Saboda haka abin da ruwa ke ƙarawa yau kaɗan ne cikin ɗari, wanda in ba ka zuba wa lambobi ido ba da wuya ka lura. Sabon ƙarni na kati kuwa, ko da iska ake sanyaya shi, yakan shafe wannan ɗan bambancin tun ranar da ya fito.

Akwai masu cewa sanyi yana tsawaita ran kaya. Gaskiya ne zafi mai yawa yana gajiyar da lantarki. Amma tambayi kanka, katunan hoto nawa ka sani da aka ajiye don sun mutu, nawa kuma aka ajiye suna da ransu don sun kasa ɗaukar sabon aiki? Na biyun sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Mutum biyu a 2017

Bari mu ɗauki misali da kayan da kowa ya san tarihinsu. A ce mutum biyu sun haɗa kwamfuta a tsakiyar 2017. Na farko ya ce shi ba ya son raini. Ya sayi Core i7-7700K, ya sa katin GTX 1080 Ti guda biyu da aka haɗa su yi aiki tare ta hanyar SLI, kowanne da farantin ruwansa, ya zagaye su da bututu. A lokacin duk wanda ya gani sai ya jinjina.

Ga abin da ya biyo baya. A watan Oktoban shekarar Intel ya fitar da i7-8700K mai cibiya shida maimakon huɗu, wato sassan da ke raba aikin lissafi a tsakaninsu. Ƙafafunta 1,151 ne, daidai da na tsohuwar, amma ba ta aiki a tsohon madabod. Wato hanyar ƙarin girma ta toshe masa kafin shekara ta zagayo. A 2018 katunan RTX suka zo da sashen musamman na bin sawun haske, dabarar zana haske da inuwa a wasanni kamar na zahiri, abin da 1080 Ti ba shi da shi. Daga farkon 2021 Nvidia ya daina fitar da sabbin saitunan SLI na wasanni, kati na biyun ya koma kusan ado, ga shi yana cin wuta. A Oktoban 2021 Windows 11 ta fito, 7700K ba ta cikin jerin furosesoshin da Microsoft ya amince da su, don ita ta ƙarni na bakwai ce, galibin jerin kuwa daga ƙarni na takwas ya fara. A Disamban 2024 wasan Indiana Jones and the Great Circle ya fito yana neman kati mai sashen bin sawun haske a matsayin sharaɗi, Doom: The Dark Ages ya bi sahu a Mayun 2025. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kuma tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare.

A duk jerin nan babu inda zafi ya shigo. Kwamfutar tana nan da sanyinta kamar randa, amma ƙofofi ne ake ta rufewa a gabanta ɗaya bayan ɗaya.

Na biyun bai da wannan ƙarfin aljihu. Ya sayi Ryzen 5 1600 a kan madabod mai mazaunin AM4 (gurbin da furosesar kamfanin AMD ke zama a ciki), ya ɗora mata abin sanyaya na iska, kati ɗaya matsakaici. A 2022 madabod da dama na wancan zamani suka samu sabon BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin kansa, da ya ba su damar ɗaukar jerin Ryzen 5000. Ya cire tsohuwar furosesa, ya sa Ryzen 7 5800X3D, wadda a lokacin tana cikin na gaba-gaba a fagen wasanni. Madabod ɗin bai canza ba, RAM bai canza ba, abin sanyayar ma shi ne dai. Kati kuwa ya canza shi lokacin da ya ga dama, aikin minti goma. Bayan shekara biyar, wanda ya fara da ƙaramin ƙarfi shi ne a gaba.

Kada a ɗauka ina cewa mai AM4 ya fi wayo. Akwai sa'a a ciki. Alkawarin AMD na farko na tallafa wa AM4 zuwa 2020 ne, abin da ya biyo baya gyara ne aka yi masa. Kuma shi wannan kamfanin ne ya fitar da mazaunin sTRX4 na manyan furosesoshinsa na Threadripper a ƙarshen 2019, madabod masu ɗan karen tsada, waɗanda ƙarni ɗaya tak na furosesa suka gani. Masu babban aljihu ne suka faɗa wannan ramin, kuma su ne rukunin da suka fi sa ruwa. Tsadar abu ba ta ba shi tsawon kwana a wannan harka.

Shi ma 1080 Ti a ba shi haƙƙinsa: kati ɗaya daga cikinsa ya yi wa mutane aiki shekaru masu yawa fiye da yadda aka zata. Sirrin kuwa ma'ajiyarsa ce, inda kati ke riƙe hotunan da yake aiki da su, mai gigabait 11, a lokacin da 8 ake gani da yawa. Wannan darasi ya maimaita kansa a 2020. RTX 3070 ya zo da gigabait 8, RTX 3080 da 10, Radeon RX 6800 XT da 16. Bayan 'yan shekaru, da wasanni suka fara cin ma'ajiya ba ƙaƙƙautawa, masu gigabait 8 ne suka fara rage ingancin hoto alhali ƙarfin katin nasu bai ƙare ba. Ma'ajiyar kati manne take, ba a ƙara ta, kuma babu farantin ruwan da zai ƙara mata ko ƙwaya.

Don haka in ana zancen daɗewa, abin dubawa a ɓangaren lantarki shi ne mazaunin furosesa, yawan ma'ajiyar kati, da ko kayan suna da sassan da sabbin manhajoji za su nema. Mazaunin AM5 ya fito a Satumban 2022, kuma a 2024 AMD ya ce zai ci gaba da tallafa masa zuwa 2027 har gaba. Intel ya ba LGA1700 ƙarni uku daga 2021 zuwa 2023, sannan ya koma LGA1851 a Oktoban 2024. Zancen PCIe kuwa, wato ramin da ake soka katin hoto a madabod, kada ya hana ka barci. Kowane sabon ƙarni yana ninka na baya, amma sabon kati yana aiki a tsohon rami, kuma asarar ƙarni ɗaya ba ta taka kara ta karya ba.

Kayan famfo: wasu gado ne, wasu na kaka ɗaya

A nan ne kwamfutar ruwa ke da abin alfahari na gaske. Kusan duk mahaɗan da ake amfani da su zaren murɗawa iri ɗaya gare su, ana kiransa G1/4, kuma haka yake shekara da shekaru ko wane kamfani ya ƙera. Lagireton jan ƙarfe da aka kula da shi zai iya bin ka daga kwamfuta zuwa kwamfuta sau uku ko huɗu. Famfon D5, wanda shi da DDC suka mamaye wannan fage, ana ƙiyasta masa awa 50,000 na aiki, kusan shekara shida ke nan in bai taɓa hutawa ba, ga wanda ke kashe kwamfuta da dare kuwa ya zarce haka sosai. Farantin furosesa ma yakan tsallaka zamani: AM5 ya riƙe tsarin ɗauri na AM4, LGA1851 ya riƙe na LGA1700, in ma an canza sau da yawa ɗan ƙarfen ɗauri ne kawai ake saye.

Sai kuma waɗanda ke mutuwa tare da abin da aka yi su dominsa. Farantin katin hoto mai rufe kati gaba ɗaya ana sassaƙa shi ne daidai da shimfiɗar allon wannan katin. Ba ma sabon ƙarni ba, kati mai suna ɗaya daga wani kamfanin daban sau da yawa ba ya karɓar sa. Yana cikin mafi tsadar kayan ruwan, kuma ranar da ka canza kati ya zama ƙarfen ajiya, sai in ka dace da wani mai irin katinka sak. Farantin da ke rufe furosesa da sassan wutar madabod a haɗe ya fi wannan muni, don madabod ɗaya ya sani a duniya. Bututu mai tauri da ka ɓata kwana biyu kana lanƙwasawa shi ma an yanka shi ne daidai da inda ramukan tsohon faranti suke. Sabon ya zo da ramukansa a wani wuri, sai a koma gasa bututu.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lissafawa: cin wutar manyan katuna hawa yake yi. GTX 1080 Ti wat 250 ne. RTX 3090 na 2020 ya kai 350, RTX 4090 na 2022 ya kai 450, RTX 5090 na Janairun 2025 ya kai 575. Masu harkar suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa kowane gurbin fanka mai milimita 120 a lagireto ya ɗauki kamar wat 100 in ana son shiru. Kwatanci ne kawai, amma yana nuna hanya. Kati mai wat 250 da furosesa mai 91 irin 7700K, lagireto ɗaya mai gurbi uku ya kusa isa. Kati mai 575 da Core i9-14900K da ke iya jan 253, an haura 800, gurbi takwas ake magana. Lagireton da aka saya daidai wa daida a 2017 yana nan lafiya, amma ya yi kaɗan, kuma akwatin ba lallai ya samu wurin ƙari ba. Na'urar ba da wuta ma haka: mai kyau tana zuwa da garantin shekara 10, wasu 12, amma a 2022 aka kawo sabon fulogin kati mai ɗaukar wat 600, aka yi ta samun rahoton narkewarsa, har aka sake masa fasali aka kira shi 12V-2x6. Tsohuwar na'urar tana aiki da mahaɗin juyi, sai dai ba haka aka so ba.

Ranar canza kati

Duk wannan lissafi ba ya shiga jiki sai ranar da sabon kati ya iso. Mai iska zai kashe kwamfuta, ya kwance noti biyu, ya danna maƙalli, ya zare, ya soka sabo. Kafin shayinsa ya huce ya koma aiki.

Mai ruwa kuwa da farko sai ya jira a ƙera wa katin faranti, don ba kullum suke fitowa rana ɗaya ba, kuma ba kowane kati ake yi wa ba. In ya samu, sai ya shimfiɗa tawul, ya jawo roba, ya buɗe bakin zubarwa. Rabin ruwan ne zai fito. Sauran yana maƙale a lagireto, sai an karkata akwati mai nauyin buhu gaba da baya ana jin ƙulu-ƙulu. Sannan ya kwance sabon kati fil, wanda bai taɓa ganin wuta ba, ya raba shi da fankokinsa na asali, yana ƙirga ƙananan notuna kamar ƙwayar gero. Ya yanka ƙullun ɗaukar zafi, 'yan shimfiɗu masu laushi da ake sawa tsakanin faranti da sassan kati, daidai kauri, don in ya yi kauri da rabin milimita farantin ba zai taɓa cibiyar katin da kyau ba. Ya ɗaura, ya gyara bututu, ya gwada yoyo, ya cika ruwa, ya yi ta kunna famfo yana kashewa har kumfar iska ta fita. Yini guda ya tafi in komai ya tafi daidai. Kuma dangane da kamfani da dokar ƙasar da kake, cire fankokin asali na iya jawo gardama ranar da ka nemi garanti.

Illar wannan ba wahalar ce kaɗai ba. Mutum yakan ƙi canza abin da ya kamata ya canza saboda tunanin aikin da ke gaba. Sai ya ce kwamfutarsa ta yi shekara shida bai taɓa ta ba, alhali tsoron kwancewa ne ya riƙe shi.

Ga kuma kulawa. Ruwan ana canza shi kamar sau ɗaya a shekara, masu launi mai kauri kuwa sun fi saurin lalacewa. Na taɓa biye wa ido na zuba irin farin ruwan nan mai kama da madara, na wani kamfani da ba sai na ambata ba. Wata goma ya yi yana burge ni. Sai na ga zafin furosesa yana hawa kaɗan-kaɗan ba dalili. Da na kwance farantin, siraran tsagogin da ruwa ke bi, waɗanda ba su fi kaurin takarda ba, sun cushe da wani abu fari kamar alli da aka jiƙa. Da tsohon buroshin haƙori na yi ta fama har dare ya raba, washegari kuma na wanke lagireto sau ba adadi kafin ruwan ya fito tas. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ban ga laifin kowa ba sai nawa. Tun daga nan ruwa garai mai maganin tsatsa da na gansakuka nake zubawa. Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne haɗa alminiyam da jan ƙarfe a zagaye ɗaya: ruwan zai zame musu kamar ruwan batir, alminiyam ɗin ya yi ta cinyewa har ya huje.

Iska, da rufaffen ruwa

In daɗewa kaɗai ake nema, babu abin da ya kama ƙafar babban abin sanyaya na iska. Ƙarfe ne da fanka. Noctua NH-D15 ya fito a 2014, kuma har yau ana ɗora na wancan lokacin a kan sabbin furosesoshi, don kamfanin yana aika ƙarfen ɗauri na sabon mazauni kyauta ga wanda ya nuna shaidar saye. In fanka ta mutu, kwamfuta za ta rage gudu ta ci gaba da numfashi har ka canza ta. In famfo ya tsaya a tsarin ruwa, zafi kan haura cikin ɗan lokaci, aiki ya tsaya cak sai an samo wani. Inda iska ke gazawa shi ne furosesar da ke jan wat 250 awa da awanni. Ga irin Ryzen 7 7800X3D ko 9800X3D kuwa, masu ƙa'idar wat 120, waɗanda a wasa ba sa ma kaiwa nan, iska ta wadatar.

Rufaffen ruwa, wanda ake kira AIO, yana tsakiya. Ana ɗaura shi kamar na iska, yana ɗaukar zafi fiye da shi in lagireton babba ne, ba a canza masa ruwa. Amma kwanansa ƙirgagge ne: ruwan yana tsanewa ta jikin tiyo a hankali, famfon manne yake, galibinsu ba a buɗe su. Garantinsu daga shekara 3 zuwa 6 ne, kuma nan ya kamata ka sa ranka. In ya gaji, jefarwa ake yi gaba ɗaya.

To wanne za a ɗauka?

A ce kuɗin da ke hannunka sun isa kwamfutar ƙololuwa da cikakken tsarin ruwa. Kana iya kashe su duka yau. Kana iya sayen kayan lantarki iri ɗaya ka sanyaya su da iska ko AIO, rarar ta zauna a aljihu. Ko kuma ka sauko mataki ɗaya a furosesa da kati, ka ajiye kaso mai tsoka don canza kati bayan shekara uku.

In tambayar ita ce wacce za ta fi ƙarfi a shekara ta biyar, ta ukun ce ke cin gasar kusan kullum, ta biyun na biye da ita. Ta farkon ta fi su a shekarar farko da ta biyu, daga nan ta fara biyan haraji a kowane canji. Banda guda ɗaya da na yarda da shi: wanda aikinsa ke neman ma'ajiyar kati mai yawa tun yau, kamar mai haɗa hotuna masu siffa uku ko mai gudanar da manhajar ƙirƙirarriyar basira a gida. Gigabait 24 ko 32 a wurinsa kayan sana'a ne, ya sayi babban katin. Amma ko shi, katin ne ke yi masa aikin, ruwan zaɓi ne daban.

Waɗanda ruwa ya dace da su na san iri biyu. Akwai wanda kwamfutarsa ke aiki mai nauyi yini guda a ɗakin da yake zaune, ko yake ɗaukar murya, ƙarar fanka tana shiga masa rai. A wurinsa kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kowace rana. Akwai kuma wanda haɗawar ce abin sha'awarsa, ranar wanke lagireto ranar nishaɗi ce a gare shi. Wannan ba ya buƙatar hujja, kuma bai kamata ya fake da zancen daɗewa ba. Wanda bai shiga ɗayan biyun nan ba, hoton da ya gani ne kawai ya tafi da shi, gara ya tsaya a iska.

In ka yanke shawarar shiga, akwai yadda ake haɗawa don gobe ta zo da sauƙi. Tiyon roba baƙi na EPDM ba ya ɗaukar ido kamar bututu mai tauri, amma ba ya zubar da sinadarin laushi cikin ruwa kamar tiyon PVC, kuma in sabon faranti ya zo da ramuka a wani gefe, lanƙwasa shi kawai za ka yi. Sa bakin zubar da ruwa a wuri mafi ƙasa. Sa mahaɗan cirewa nan take a gefe biyu na katin hoto, yadda za ka zare shi ba tare da ka zubar da komai ba. Lagireto ka saya fiye da bukatar yau. Mafi dacewa ma shi ne na waje, irin MO-RA3 na kamfanin Watercool, wanda ke ɗaukar fanka tara a fuska ɗaya: ba ruwansa da girman akwati, kuma kana iya ajiye shi nesa da ƙafarka. Ka guji farantin da ya haɗa furosesa da madabod. Ka sa ma'aunin zafin ruwa, fankoki su riƙa bin sa maimakon bin furosesa da ke hawa da sauka kowane daƙiƙa. Kafin ka sayi kati, ka fara tabbatar da cewa an yi masa faranti, ba bayan ya iso ba.

Sannan fankokin katin na asali, kada ka yar kuma kada ka jefa su a kwali haka nan. Ka zuba notunansu a 'yar leda, ka rubuta kaurin kowane ƙullun zafi da inda yake zama a takarda, ka ɗauki hoton allon kafin ka ɗora faranti. Bayan shekara uku ko huɗu, in za ka sayar da katin, masu neman kati mai fanka sun ninka masu neman mai faranti, kuma a ranar ba za ka tuna wane noti ne na wane rami ba.